Audugar Kunnen Malam Amos

Kafin Malam Amos Jibo ya taɓa waya ko batir da safe, da auduga yake farawa. Zai zauna a bakin shagonsa da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Funtua, ya tsinko 'yar kaɗan daga wani tsohon gwangwanin madara, ya murza ta, ya cusa a kunnen dama. Na hagu kuwa a buɗe yake barin sa. Sai bayan haka zai ɗaure lasifikokinsa biyu masu bakin ƙaho a bayan babur, injin magana a tsakiya, ya kama hanyar duk inda taron ranar yake. Haka yake yi tun 1972. A watan jiya ne ya miƙa wa ɗansa Luka makullin shagon, bayan shekara goma sha shida yana wannan aiki.

Sunana Mudi Sanda, malamin gona ne ni, kuma shekara goma sha ɗaya na yi ina magana ta cikin injinsa. Daga Mahuta har Musawa manoma sun san muryata, har wasu kan ce Allah ya ba ni murya. To yau zan tona wa kaina asiri. Muryata siririya ce, kamar ta akuya mai mura. Abin da kuke ji a kasuwar auduga da ranar rabon iri, aikin wannan mutumin ne da ke tsugune a bayana yana murɗa maɓallai, wanda ba ku taɓa tambayar sunansa ba.

Da farko na sha yi masa tsiya a kan audugar. Wata rana na ce, "Malam Amos, in ciyawa ce ba ka son ta shiga, ai kunne biyu ne da kai."

Ya yi dariya ya ce, "Malam Mudi, na hagu na aiki ne, ƙarar lasifika za ta cinye shi ko ina so ko ba na so. Na dama na gida ne. Ba na fitowa da shi kasuwa."

Sai daga baya na fahimci abin da yake nufi. Matarsa Ladidi ta rasu a 1977, ta bar masa Roda mai shekara goma sha ɗaya da Luka mai bakwai. Tun daga rasuwar, muryar Roda ta shige ciki. Ba ta daina magana ba, amma sai ka kai kunne kusa za ka ji ta, kuma ba kowa take yarda ya matso ba. Kullum da maraice in ya dawo, zai wanke hannu, ya zare audugar, ya zauna a tabarma, yaran su zauna ta damarsa, kowa ya ba shi labarin yininsa. Na taɓa tarar da su a haka. Na tsaya a bakin ƙofa ban yi sallama ba, don na ji kunyar katse su.

A wurin aiki yana da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa ɗaukar sa ya sani. Ba ya gyara sauti don manyan da ke kan kujerun gaba. In ya gama ja da waya, sai ya taka har ƙarshen taro, inda mata da tsofaffi ke zaune, ya nemi tsohuwar da ta fi kowa tsufa, ya durƙusa ya ce, "Iya, kina ji?" In ta ce sama-sama, ya koma ya sake juya ƙahon, ko da shugaban taro yana ta duba agogo. Ya yi haka a taron ikilisiya, ya yi a maulidin Malumfashi, inda mutane suka ga yana cire takalmi kafin ya shimfiɗa waya kusa da malamai. Lokacin siyasa ma wani ɗan takara ya matsa masa ya ƙure ƙara don a danne taron abokan hamayya, ya ce shi aikinsa a ji magana, ba a hana jin ta ba.

Zuwa 1984 kunnen aikin ya kusa mutuwa, kamar yadda ya faɗa. Bai damu ba. Na gida yana nan garau.

Sai ranar rabon takin zamani, farkon daminar 1986, a wani sito kusa da Mahuta. Takin ya yi ƙaranci a shekarar, mutane kuma sun fi dubu. Wani ya ce ya ji an ce saura buhu kaɗan, nan take jama'a suka yo kan ƙofa. A gaba, jikin shingen waya, akwai mata da tsofaffin da muka ce su fara shiga layi. Ina kallo aka fara matse su. Na ɗauki makirufo zan yi magana, turmutsutsun ya ture sandar da aka ɗaure lasifikokin a jikinta. Ta faɗo wa Malam Amos a hannun hagu, ƙaho ɗaya ya fashe, ɗayan ya kifa a ƙasa. Ina ta ihu, ko na kusa da ni ba ya ji.

Malam Amos, kai ne ka ɗauki ƙahon nan da hannu ɗaya. Hagunka ta karye, don haka a kafaɗar dama ka ɗora shi, ƙarfen manne da kunnen gida. Ka hau kan buhuna, ka juyo ka ce mini, "Ƙure shi." Na san abin da kake cewa, kai ma ka sani. Na tsaya ina kallon ka, ka sake cewa, "Malam Mudi, ƙure shi, ka yi magana."

Na murɗa maɓallin har ƙarshe. Na rantse wa mutane cewa wata motar taki tana hanya, na kira masu unguwanni da sunayensu, na roƙi na baya su ja da baya taku goma. Kusan rabin awa ina magana, kai kana juya ƙahon gabas da yamma. 'Yar audugar nan ba ta da abin da za ta iya a irin wannan ƙara. An fito da mata bakwai a sume, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba.

Washegari shugabanni suka yaba wa malamin gonar da ya kwantar da tarzoma. Ni ke nan. Malam Amos kuma yana kwance, an ɗaure masa hannu, Roda na magana a kunnensa na dama yana kallon bakinta. Likitan da ya duba shi a Zariya ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba. Wannan abu yana ci mini rai har yau, domin muryata ce abu na ƙarshe da kunnen nan ya ji, ba ta 'yarsa ba.

Bara aka ɗaura auren Roda a Malumfashi, kuma ya ce babu mai haɗa sautin sai shi. Ya ɗora tafin hannu a jikin lasifika yana jin rawar ƙarfen, ya gyara, sannan ya taka har ƙarshen majami'a ya durƙusa gaban wata tsohuwa. "Iya, kina ji?" Ta gyaɗa kai. Da Roda ta yi alkawarin aurenta, 'yar muryar nan ta kai har bencin ƙarshe, kowa ya ji. Shi yana tsaye a baya yana karanta fuskokin mutane, har ya ga sun yi murmushi, sannan shi ma ya yi.

Malam Amos na Ladidi, mai kai magana ƙarshen taro, mun gode. Mata bakwai da iyalansu sun gode, ko da yake yawancinsu sai yau za su san sunanka. Ku kuma masu hawa mumbari da masu riƙe ofis, ku riƙa takawa baya kuna tambayar na ƙarshe ko yana ji. In kun bi ta bayan tasha kun gan shi zaune, ku tsaya ku gaishe shi, ku fuskance shi sosai don ya ga bakinku.

Ranar da ya miƙa makulli na je shagon da safe, na tarar yana murza auduga kamar kullum, ya cusa a kunnen dama. Na rubuta masa a takarda, "Yanzu kuma ta mece ce?" Ya karanta, ya amsa da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa.

"Duk abin da yaran nan suka faɗa mini shekara tara yana ciki, Malam Mudi. Ba na so ya fita."