Baba Masinja da Sandar Jami'a

Baba Masinja ya girmi duk wani bene da ke jami'ar nan, kuma in ka manta zai tuna maka. An ɗauke shi aiki tun tana wani tsohon sito a bakin gari, aji biyu da ofis, malami na koyar da lissafi awaki na leƙowa ta taga. Yau gari ya haɗiye ta. 'Yan tasi na danna wa masu karatun likita da na lauya hon a bakin ƙofa, shi kuwa yana nan da fayil a hammata, daga ofishin magatakarda zuwa sashen kimiyya, yana tafiya kamar shi ya haifi gine-ginen.

Amma ba fayil ne abin taƙamarsa ba. Ranar yaye ɗalibai shi ke ɗaukar sandar jami'a, wata ƙatuwar aba ta tagulla mai nauyin jaririn da ya ƙoshi. Ya shige gaba, shugabar jami'a da farfesoshi su biyo shi cikin manyan riguna suna zuba gumi. An yi yajin aiki, an rufe makaranta an buɗe, shugabanni sun zo sun tafi, sandar dai hannu ɗaya ta sani.

To, bana sai gwiwarsa ta ce ita kam ta yi ritaya. Ga kuma sabon zauren taro da aka gina, mai matakala kamar za a gaido gajimare. Magatakarda ya kira shi, da irin ladabin nan na mai shirin ƙwace.

"Baba, ko a ba wani sandar bana? Ka huta mana."

"Ranka ya daɗe, hutu na nan tafe, wata mai zuwa zan ajiye aiki. A bar ni in kai ta wannan karon. In na faɗi, ku tsallake ni."

Ya koma gida ya sunkuci taɓaryar matarsa, ya dinga hawa da sauka a matakalar gidan hayarsu, maƙwabta na kallo.

"Malam, in daka kake sha'awa ga turmi can," in ji matar. "Tsofai-tsofai da kai!"

"Ke ba ki san harkar ilimi ba."

"Au, ɗaukar kaya ne ilimin? Ashe 'yan dakon kasuwa duk farfesoshi ne."

Tana faɗa tana murza masa man zafi a gwiwa, kuma ita ta goge masa rigar taron har sai da ta ɗau ƙyalli.

Ranar taro zaure ya cika maƙil, iyaye har kan tagogi. Baba ya fara hawa, sanda a kafaɗa, haɓa a sama. Yana kaiwa tsakiya gwiwa ta ƙage. Ya tsaya cak. Dokar jami'a kuwa, ba mai wuce sanda komai girman hularsa, don haka duk jerin manyan nan suka yi cirko-cirko a bayansa.

Shugabar jami'a ta matso ta yi masa raɗa: "Baba, a riƙa maka?"

"Ranki ya daɗe, koma layinki."

Ta koma kuwa. Ɗalibai suka zaci sabon tsari ne, suka miƙe tsaye suka kama tafi. Tafin nan ya shiga kan tsoho. Ya ja numfashi, ya cije leɓe, ya ɗaga ƙafar nan kamar ta aro, taki ɗaya, sannan wani, har ya hau dandamali. Ya kwantar da sandar a kan teburinta a hankali, ko ƙara ba ta yi ba.

Sai ya zube a kujerar da ta fi kusa da shi, wata mai laushi mai jan yadi. Ta babban baƙo ce. Magatakarda ya buɗe baki, shugabar ta harare shi, ya rufe. Babban baƙo aka nemo wa kujerar roba, Baba kuwa a nan ya zauna, ƙafa a miƙe, har aka yaye ɗalibi na ƙarshe.