Ramin Yumɓun Inna Tasalla

Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, na fara ganin Inna Tasalla. Ofishinmu na ƙaramar hukuma ne ya tura ni Tudun Kaya rajistar masu sana'ar hannu, ita ce ta goma sha ɗaya a littafina. Na same ta durƙushe tana zagaya wata randa da take ginawa, hannunta duk yumɓu. Bayan mun gaisa na tambaye ta sana'arta.

"Wacce daga ciki, Akawu?" ta ce. "Ko biron naka ɗaya yake iya ɗauka?"

Uku ne. Da rani tana ginin tukwane, tulu, randa da kasko. Ragowar yumɓun sai ta mulmula ƙanana, ta huda da tsinke, ta gasa a cikin tukunya, ta zura a zare ya zama abin wuya, 'yan matan Fulani na saya ranar kasuwa. Tukunyar da ta tsage wajen gashi kuwa ba ta yarwa, ƙasa take zubawa ta dasa lalle ko na'ana'a. Da damina shuke-shuken nan ne aikinta, don ba a gini cikin ruwa.

Duk wannan daga rami guda yake fitowa, a bayan gari, inda kakarta ta fara haƙa. Ta ce yumɓunsa ba ya son a ƙara masa komai.

A watan Yunin 2019 ta zo ofis da kanta, ɗauke da ɗan tulu da ta gina mini. Ta ji za a yanka filaye a bayan gari.

"Malam Badaru, ka sa ramina a littafinka. Abin da ka rubuta ai shi manya ke gani."

Na ce, "In sha Allahu, Inna."

Ni aka ba aikin duba wurin. Na je ranar Alhamis, 22 ga Agusta. Ramin ya cika da ruwa har baki, ciyawa ta rufe hanyarsa, babu sawun kowa. A takardar da aka ba ni in cike akwai gurbin da ke tambaya ko ana amfani da wuri. Shekara ashirin ina aiki ban taɓa rubuta abin da idona bai gani ba, kuma ina alfahari da haka. Na rubuta: kududdufi, ba a amfani da shi. Na san da rani ake haƙa. Niyyata in koma a Disamba in gan ta tana aiki, sannan in gyara. Har na sa ranar a kalanda.

Takardar ba ta jira ni ba. Ranar 9 ga Nuwamba motoci suka fara juye ƙasa, cikin mako biyu aka cike ramin. Na rubuta takardar gyara sau biyu, aka ce an riga an raba filayen.

Da na je gidanta ba ta yi mini faɗa ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya.

"Ruwa ka gani, ko?" ta ce. "To, ai ba ka yi ƙarya ba."

Ta gwada yumɓun wajen garin Fulatan, wanda aka kawo mata a amalanke. Tukwane talatin ta gina a ranin nan, goma sha tara suka fashe a wuta. Ta dasa lalle a cikinsu har tsakar gida ya cika. Ba ta sake gini ba.

A 2021 ta koma wurin 'yarta Zaituna a Rogo Sabon Gari, inda take sayar da dashen lalle a ƙofar gida. Ta rasu a watan Fabrairun 2023. Gidaje huɗu ne yanzu a kan ramin. Tulun yana ofishina, ina shan ruwa a cikinsa.