Makarantar da Aka Tarar da Gero a Cikinta

Malama Naja'atu 'yar Muhtari Maiɗinki ce, mutumin Shinkafi. Aji uku ta yi a sakandare, aure ya kai ta wani ɗan ƙauye bayan Badarawa, inda ko rubutun kwalin magani babu mai iya karantawa. Ita ake kai wa katin asibiti, ita ake kai wa wasiƙa, har mata suka fara turo mata 'ya'yansu da hantsi. Wasa-wasa yara biyar suka zama arba'in.

Wani dattijo, Baba Yari, shi ya ara mata gefen gonarsa. Da an cire amfani sai a kafa rumfar kara, a jingina allo, a yi ta karatu har rani ya fita. Ruwan shuka na sauka sai a tuge rumfar, tsoho ya shuka geronsa, yara su rarrabu zaure-zaure. Shekara bakwai ana haka, ba wanda ya ga aibun abin. Wata ƙungiya ma ta sa su cikin jerin makarantunta, tana aiko littattafai da alli, da wata malama, Kulsumu, mai zuwa daga Shinkafi sau uku a mako.

A ta takwas ne ƙungiyar ta turo mai duba makarantu ana tsakiyar damina. Ya tambayi inda makaranta take, mutane suka nuna masa tsakani da Allah. Ya tarar da gero ya fi shi tsawo. Ya ɗauki hoto, ya juya babur.

Takarda ta biyo baya, wai makarantar ba ta da physical existence, kuma in ba a nuna akasin haka ba kafin ƙarshen shekara za a soke sunanta, a janye Kulsumu da littattafan. Naja'atu ta hau mota har Kaura Namoda, wurin tsohon malaminta na Turanci, Malam Shamsuddeen, da nufin ya taya ta rubuta musu cewa makarantar tana da shi, tun da ga yara nan da ransu. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce kalmar a nan tana nufin abin da ido zai gani, hannu ya dafa, a dawo baɗi a same shi inda aka bar shi.

"Ɗiyata, rubutawa ba wuya," in ji shi. "Amma in sun zo, mi za su dafa?"

Ta naɗe takardarta ba a rubuta komai ba. A hanya ta yanke cewa ba za ta sa kalmar nan a wasiƙa ba sai ta zama gaskiya.

Aka fara ja-in-ja da Baba Yari kan ya bar wa makaranta wurin dindindin. Ya ce wurin dami shida yake ba shi, ta ce jikokinsa tara ke cikin ajin. Ya ce ta cika baki kamar 'yar tasha, ta ce a Shinkafi aka haife ta ai. Sau huɗu tana komawa, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ɗora daga inda suka tsaya. A na biyar ya tashi da sandarsa ya ja layi, ya ba da rabin wurin a gaban liman.

Bayan kaka aka kira gayya. Maza suka kwaɓa ƙasa, mata suka jido ruwa, kowane gida ya kawo tubali gwargwadon hali. Sai da bango ya kai mata kafaɗa sannan ta zauna ta rubuta wasiƙar da hannunta.

Mai duba makarantu ya dawo ya sami ɗaki ɗaya, ko ƙofa ba a sa ba, yara sun cika shi har waje. Ya bubbuga bangon da tafin hannu, ya tambaya da damina fa?

Baba Yari ya ce, "Yallaɓai, a garinku cikin ɗaki kuka shuka?"

Ba a soke sunan ba. Yanzu Malama Naja'atu ta haura arba'in da biyar, ɗakin ya yi wa yara kaɗan, kuma duk Juma'a takan je gaida Baba Yari. Shi ma ya san abin da ke kawo ta, da ya hango ta sai ya fara kukan bana gero bai yi kyau ba.