Butar Baba a Bakin Tafki

Shekarar da aka sauke tutar Ingila a ƙasar nan, ita ce shekarar da mahaifina ya ce zai koma gida. Inna ta rasu cikin azumi, muka kai ta maƙabartar Tafo, kuma ranar sadakar arba'in ya kira ni ɗakinsa ya ce shi kam ya gama da Kumasi. Da zarar ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, zai hau mota ya nufi ƙasar Tawa, wadda ya baro tun yana saurayi yana kora shanu a ƙasa.

Ni haifaffen Zongo ne, ban taɓa ganin Tawa ba. Ina aikin akawu a wani kamfanin sayen koko, abin da muke ce wa karaci, ina sa kwat da taye, ina jin kaina ba kaɗan ba. Amma na san abu guda: tsohon nan da tarin da ke ƙirjinsa, in ya hau motar nan ni da shi sai a lahira. Na tura masa dattawan mayanka, abokan cinikinsa na shanu, suka yi magana suka gaji. Matata ta yi kuka, na jera masa jikoki a gaba, duk a banza. Baba ba ya gardama, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Sai dai ya saurare ka har ka gama, ya ce to, ya ci gaba da abin da ya yi niyya.

Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar masu taye. Akwai wani tsohon gidan hutawa na Turawa a kan dutse, bisa tafkin Bosomtwe, wanda a da baƙin mutum ba ya kwana ciki sai in aiki yake yi. A shekarar nan aka fara ba ma'aikata irinmu ɗaki. Na ce zan kai Baba ya yi kwana uku, ya kwanta a gadon da manyan Turawa suka kwanta, ya ga da idonsa ƙasar ta zama tamu, ya ga matsayin da ɗansa ya taka. Wa zai ga wannan ya ce zai koma ƙauyen da ake tafiyar safiya guda neman ruwa? Haka na yi tunani, wallahi, kuma na ɗauka na yi wayo.

Na ce masa likita ne ya ce iskar wurin za ta taimaki ƙirjinsa. Ya ce to. Ya ɗauki buzunsa da sandarsa da butarsa.

Butar nan sai na faɗe ta. Ta ƙarfe ce, baƙa, wani maƙeri a garinsu ya ƙera wa kakana, shi kuma ya ba Baba ranar da zai fito. Ta bi shi duk tafiye-tafiyen shanu, an like gindinta da dalma sau biyu. Muna yara ko taɓa ta ba ma yi. Ban taɓa ganin ya yi alwala da wata ba, ko a gidan biki ko a gidan mutuwa.

Mun isa da yamma, ana yayyafi. Gidan ya tsufa amma yana nan da girmansa: doguwar baranda ta katako, kujerun kwanciya, fanka mai igiya, kawunan namun daji a bango, sai warin danshi ko'ina. Daga barandar kana hango tafkin can ƙasa, zagaye da duwatsu, ruwan ya yi duhu kamar na tukunyar rini. Babu wani baƙo sai mu. Wanda ya tarbe mu tsohon kukun gidan ne, mutumin arewa, wanda ya shekara da shekaru yana zuwa mayanka sayen nama a hannun yaran Baba. Da ya ga wanda na kawo sai ya rasa yadda zai yi, ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya miƙe ya ƙame kamar yadda yake yi wa Turawa.

Baba ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ya dubi gadon mai gidan sauro, ya danna katifar da hannu kamar mai duba ƙibar bijimi, ya shimfiɗa buzunsa a ƙasa. Aka jera mana cokula da wuƙaƙe a teburi, ya ɗauki kwanonsa ya tafi bayan kicin ya ci tare da kuku. Ni kaɗai na zauna a teburin mutum goma sha biyu ina cin doya da cokali mai yatsu, raina a ɓace.

Abin da ya jawo komai shi ne famfo. Famfo ɗaya ne a ɓangarenmu, kuma yana cikin ɗakin da bayan gida yake. Baba ya leƙa ya ce shi ba zai ɗebi ruwan alwala a inda ba a ambaton sunan Allah ba. Daren farko kuku ya kawo masa ruwan tanki. Da gari ya waye, bayan mun karya, sai ya tsaya a baranda ya daɗe yana kallon tafkin. Makiyayi ne, ba zai ga ruwa mai yawa haka ya ƙi zuwa ya ɗanɗana ba. Ya ɗauki buta da sanda ya kama gangara, ni kuma na bi shi a baya ina zamewa da takalmin ofis.

A nan laifina yake. Na taɓa ji a wurin abokan aikina Asantawa cewa tafkin nan ba a sa masa ƙarfe, shi ya sa masuntansa ba su da jirgi, kan guntun katako suke zama suna tuƙi da hannu. Na ji, na yi dariya, na manta. Shi kuwa Baba shekara arba'in a Kumasi, amma Kumasinsa ita ce Zongo da mayanka da masallaci, Asantancinsa bai wuce gaisuwa da ƙidayar kuɗi ba. Wa zai gaya masa?

Ya tattare riga, ya shiga ruwan zuwa idon sawu, ya yi bisimilla ya nutsa butar. Wata mata mai wanke kifi ta ɗora hannu a ka ta kwarma ihu. Kafin mu ankara mutane sun kewaye mu, wani ya karɓe butar daga hannunsa. Ba su zage shi ba, ba su taɓa shi ba, gaskiya sai a faɗe ta. Tsoro ne a fuskokinsu. Aka kai mu gindin wata bishiya gaban dattawan ƙauyen, mai magana da yawunsu ya yi bayani, ni ina fassara. Ya ce ruwan nan mai shi yana ƙin ƙarfe, in aka ɓata masa rai kifi zai ɓuya, su kuwa da shi suke ci. Gyaran abin rago ne, a yanka a kan wani dutse a bakin ruwa. In an kawo, a karɓi buta. In ba a kawo ba, buta ta zauna wurinsu, su nemi ragon da kansu.

Na fara ɗaga murya da Turanci, ina cewa ni ma'aikaci ne, baƙon gidan gwamnati. Baba ya dafa kafaɗata. Ya ce in gaya musu ruwansu ne, shi ya yi kuskure, su yi haƙuri. Sannan ya ce:

"Amma rago a yanka wa ruwa, ba da hannuna ba. Su riƙe butar."

Muka hau dutsen nan, yana gaba ina baya, hannunsa ɗaya da sanda ɗaya babu komai. Sau huɗu yana tsayawa yana tari. La'asar da magariba da wani gwangwanin madara ya yi alwala, wanda kuku ya wanke masa. Na ga yadda hannunsa ke laluben mariƙin da babu, sai da na kau da kai. Tausayi ya kama ni, haushi ya kama ni, kuma can ƙasan zuciyata wani lissafi ya shiga. Na ce in na dawo masa da butar nan, zai san a ƙasar nan yana da ɗa mai iya tsaya masa, zai zauna.

Washegari na ce zan je in ga direban da zai mayar da mu. Kuku ya bi ni har bakin hanya ya ce, "Karaci, ka bar abin nan yadda Baba ya bar shi." Na ce masa ya kula da tukunyarsa. Na sauka ƙauyen na sayi wani farin rago, na yi ciniki irin na wanda bai gaji sana'ar ubansa ba. Ragon ya ƙi tafiya, sai da na rungumo shi na ja shi zuwa gindin bishiyar. Ban tsaya ganin yankan ba. Na gaya wa kaina tunda ban gani ba, babu ruwana. Aka miƙo mini butar an naɗe ta da ganye, dattijon har ya yi mini godiya.

Na samu Baba a baranda, zaune a ƙasa kusa da kujerar kwanciya, yana jan casbi. Na ajiye butar a gabansa ina haki, ina murmushi kamar wanda ya ci jarrabawa. Na ce na nuna musu takardar aiki ne, na yi musu Turanci, suka tsorata suka ba ni.

Fuskarsa ta yi haske, wannan kam na gani da idona. Ya miƙa hannu zai ɗauka. Sai ya tsaya. Ya ɗan ɗaga hanci. Kai, ni ma da wauta! Mutumin da yake gane garken wane ne ya wuce ta wari kawai, shi zan zo wa da kwat ɗin da ta sha rungumar rago? Ya sa yatsu biyu a gwiwar wandona ya ciro farin gashi, ya duba shi a haske. Ya janye hannunsa daga butar.

"Da sunan wa aka yanka shi?"

Na fara cewa ai ba ni na riƙe wuƙar ba, ai kuɗi kawai na bayar, ai don shi na yi. Ya saurare ni har na gama, kamar kullum. Amma wannan karon ko "to" ɗin bai ce ba. Da azahar ta yi ya kira kuku ya kawo masa gwangwanin madara.

Saura kwana guda a cikin ukun da na kama, muka cinye shi ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, hazo ya rufe tafkin ko ganinsa ba a yi. Ina zaune a wannan ƙarshen baranda, yana wancan, butar tana tsakani inda na ajiye ta. Bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sandar nan ya maka mini, da na ji sauƙi. Da za mu tafi ni na ɗauko ta na sa a jakata.

A gida na kai ta ɗakinsa na ajiye a mazauninta, bayan ƙofa. Ya aika aka sayo masa butar ƙasa a kasuwa. Maganar tafiya kuwa ban sake tayar da ita ba, don ba ni da bakin. Ko ɗaukewar ruwan bai jira ba. Sati uku da dawowarmu ya raba 'yan kayansa, ya je Tafo ya yi wa Inna addu'a, ya ce a kai shi tashar Race Course.

Muna tashar, an ɗaure kaya, ya riga ya zauna a bayan direba, sai na ga babu butar ƙarfen a cikin kayansa. Na hau keke na koma Zongo kamar zan tashi sama, na ɗauko ta na dawo motar tana shirin tashi. Na miƙa masa ta taga. Na ce Baba ka yafe mini, ka tafi da abarka, ta kakana ce.

Ya dube ta ya daɗe. Ya sa hannu ya shafa inda aka like da dalma, ya mayar da hannunsa ciki.

"Na yafe maka, Allah ya yi maka albarka. Amma ni na bar musu ita. Kai ka fanso ta, taka ce."

Motar ta tashi ina tsaye da buta a hannu, 'yan dako suna ce mini in ba su hanya.

Damina biyu bayan nan wani fatake mai goro ya kawo mana labarin rasuwarsa. Ya ce Baba ya isa lafiya, ya samu ƙanwarsa da rai, a ɗakinta ya cika. Na tambaye shi ko Baba ya ba da wani saƙo gare ni, ya ce ya ce a gaishe da yara.

Gidan hutawar nan ban sake taka shi ba, na ji ma rufinsa ya rufta daga baya. Butar tana nan bayan ƙofar ɗakina. Sau ɗaya matata ta zuba mata ruwa za ta ba wani baƙo, na yi mata tsawar da har yau ina jin kunyarta. Na tsufa yanzu, na wuce shekarun Baba na lokacin, kuma kullum sau biyar ina wuce ta in ɗauki ta roba.