Tunkiyar da Na Gina wa Rumbu

Tun Nasara ba su zo ba, ina saurayi a Tambuwal, ni ke kwaɓa wa babana ƙasa yana ginin rumbu. Kullum sai ya ce hannuna bai faɗa ba. Abin na ci mini rai. Da wani dattijo ya aiko daga Kebbe neman magini, baba na fama da ciwon baya, na ɗau sandata na tafi, don ya ga ladana da idonsa.

A can, ana nuna wa magini ladansa tun ranar farko, amma ba ya taɓa shi sai mai gida ya hau ya shafa bakin rumbu ya ji babu tsaga. Nawa ladan tunkiya ce fara mai ciki, an ɗaure ta a gindin tsamiya. Wallahi ban taɓa son wata halitta haka ba. Ina aza ƙasa ina yi mata waƙa, har 'ya'yan da ba ta haifa ba na raɗa musu suna.

Ranar gamawa na tsaya a kan turmi daga ciki, ina ɗaga wuyan rumbun. Ƙaramin baki shi ne ƙawar rumbu, ni kuwa so nake a yi zancena har Jabo. Na yi ta matse shi ina murna. Da na zo fita, kai ya wuce, kafaɗu suka ƙi.

Matar gidan ce ta fara hango kaina a sama kamar tulu. Ta saki taɓarya ta zauna a ƙasa don dariya. Kafin a jima unguwa ta taru.

Mai gidan ya ɗaga kai ya ce, "Ɗan magini, mi kaka yi nan?"

"Baba, iska nika sha."

"To, a kawo gatari a hwasa bakin."

"Aradu a'a! A bar ni nan har shi bushe!"

Haka na wuni a ciki tun hantsi, ana zuro mini fura da igiya, ina sallah a tsugune. Da la'asar ƙasar ta kama jikinta, matar gidan ta miƙo man kaɗe. Na tuɓe riga na mulke jikina, ƙarti biyu suka hau tsani suka ja ni, mata na guɗa. Na fito suluɓ, amma fatar kafaɗuna biyu ta zauna a can.

Dattijon ya hau ya shafa bakin sau uku, ya sauko yana share hawayen dariya, ya kwance tunkiyar ya ba ni. Na yi rawa a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Da na iso gida, baba na zaune a zaure. Na miƙa masa igiyar. Bai dubi tunkiyar ba, ɗanyen ciwon kafaɗuna ya tsura wa ido.

"Bakin ya tsage?"

"Bai tsage ba, Baba."

Sai ya zame wuyan rigarsa a hankali. Tsohon tabo ne a kafaɗunsa, dama da hagu, daidai inda nawa suke.

Ya ce, "Ni akuya anka ba ni. Tafi ka ɗaure abinka."