Motar da Kawu Ya Ƙara wa Gudu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi kaɗai ne a gidansu bai zama malami ba. Gidan karatu ne a Batsari, yayyensa duk suna zaure da ɗalibai, shi kuwa tun yana saurayi ƙarfe ya ɗauke masa hankali. Ya yi tuƙi shekaru, daga baya ya buɗe shagon kayan gyaran mota a bakin tasha. Shaguna biyar ne a jere a layin, amma nasa daban yake. Sauran suna sayar da abin da zai mayar da mota yadda take kafin ta lalace. Kawu yana sayar da abin da zai sa ta fi yadda aka ƙero ta, kuma da hannunsa yake ɗaurawa.

Direbobin ƙauye sun fi kowa saninsa. Mutum zai sayo a-kori-kura ta gwanjo, kafin ya ɗora mata ko buhu ɗaya sai ya kawo ta wurin Kawu. Zai ƙara mata sifirin, ya ɗaga ta daga ƙasa, ya sa mata babban lagireto don kada ta yi zafi a cikin yashi, ya zaɓa mata tayoyi masu manyan haƙora. Motar da ta fito daga hannunsa takan shiga Darini da Karare a lokacin kaka, ta fito da gero da gyaɗa har sama, mutane kuma a kan buhunan, ba ta ko durƙusawa. Idan na je gaishe shi nakan same shi da kunnensa a jikin injin wani, yana ɗaga wa mutane hannu su yi shiru.

Ni malamin firamare ne. An tura ni wata makaranta a ƙasar Tsaskiya, cikin Safana, iyalina kuma na bar su a Batsari. Duk farkon mako nake tafiya, in dawo ƙarshensa, kuma mota ɗaya nake bi. Mai motar abokin Kawu ne tun zamanin da suke tuƙi tare. Kowa Direba yake ce masa, ni ma haka na taso na ji. Mutum ne mai sanyin tuƙi. Yakan tsaya wa tsohuwa a inda babu tasha, yakan jira mai fitsari, har fasinjoji su yi ta mita. Kujerar gaba ta kusa da ƙofa tawa ce, ko na makara yana ajiye mini.

Sai hanya ta lalace. Da farko labari muke ji daga can yamma, bakin daji: an kore shanun wane, an tare wata mota. Kafin a jima labarin ya zama na mutanen da muka sani. Aka fara ɗaukar mutane a gona, aka fara tare hanya da rana tsaka. Akwai wani wuri a hanyarmu inda daji ya matso titi ta ɓangarorin biyu, ga kwari, ga kwana. Idan muka doso shi hira takan mutu a cikin motar, ba ka jin komai, sai dai ka ga leɓuna suna motsi da addu'a. Motar Direba kuwa an gina ta ne don kaya. Tana hawan wurin nan a hankali, tana gurnani, kowa yana kallon bishiyoyi.

Wata ranar kasuwa ina zaune a bencin shagon Kawu, Direba ya zo. Suka gaisa, suka tambayi iyali da gajiya da jin labari, sannan ya zauna ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, “So nake ka sauya mata hali. Kaya babu yanzu, gonakin ma wa ke zuwa? Gudu nake so.”

Kawu ya ce, “Motar nan doguwa ce, ni na ɗaga ta. Ba a yi ta don gudu ba.”

“To ka sauke ta. Ka cire sifirin ɗin da ka ƙara, ka sa mata kafireto mai faɗin baki, wanda zai ba injin mai sosai. Na san kana da shi, na gan shi a kanta can sama.”

“Ina da shi. Abin da ba ni da shi shi ne birkin da zai riƙe wannan gudun. Mai kawo mini masu kyau daga Kano ya daina biyo hanyar nan. Na kasuwa kuwa, kai ma ka san su.”

Direba ya juya hular a hannunsa. Ya ce satin da ya wuce motar da ke gabansa aka tare, shi ya samu ya juya ne kawai don akwai fili. Ya ce da a kwarin nan ne, da yanzu ana neman abin fanso shi.

 Kawu ya ɗauki wani fulogi yana goge shi da tsumma, alamar maganar ta ƙare. A nan ne na sa baki, kuma har yau ina tuna yadda na faɗe ta.

Na ce, “Kawu, ku duba lamarin nan. Ni ma fa a cikinta nake, sau biyu duk mako.”

Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Mahaifiyata ita ta goya shi, kuma ni kaɗai ne ɗanta namiji. Na san abin da na taɓa a zuciyarsa, da gangan kuma na taɓa shi.

Ya ce wa Direba, “Kawo ta jibi da safe.”

Kwana biyu ya yi a kanta. Ya sauke ta kaɗan, ya sauya kafireto, ya buɗe mata bututun hayaƙi, ya zaɓi birkin da ya fi dama a cikin waɗanda ke akwai. Da ya gama ya ɗauke ta da kansa ya fita bayan gari ya dawo. Yana miƙa makulli ya ce, “Ta yi gudu. Amma ka sani, gudunta ya fi birkinta ƙarfi yanzu. In ka taka, ka san inda za ka tsaya tun kafin ka taka.”

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin motar nan. Kwarin da muke ɗaukar lokaci muna hawa, sai ga shi muna wuce shi kamar an hura mu. Fasinjoji suka riƙa barin wasu motocin suna jiran ta Direba. Labari ya bazu a tasha, direbobin Safana ma suka fara zuwa, kowa gudu yake nema. Shagon Kawu ya cika kamar zamanin kaka, alhali maƙwabtansa suna zaune suna korar ƙuda. Matarsa ta ce mini a watannin nan bai cika cin abinci ba, amma ni a lokacin ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Da damina abin ya faru, gero ya yi tsawon da zai ɓoye mutum a kan babur. Ranar Juma'a ce bayan azahar, muna dawowa gida. Motar ta cika, na baya suna zaune a kan 'yan kayansu. Muna dosar kwarin sai babura uku suka fito daga wata 'yar hanya ta hannun dama, kowanne da goyo. Wata mata a baya ta yi salati da ƙarfi. Na ga ƙafar Direba ta sauka. Motar ta zabura, muka wuce baburan, muka shiga gangaren da gudun da ban taɓa jin irinsa ba. Ruwan da aka yi kwana biyu kafin nan ya zubo yashi a daidai kwanar. Na ji yana taka birki, na ji yana sake takawa. Abin da na sani bayan wannan shi ne ina kwance a gefen hanya, bakina cike da ƙasa, kafaɗata kamar ba a jikina take ba.

Mutanen baburan nan su suka fara isowa kanmu. Manoma ne, daga gona suke, sun haɗu suna tafiya tare don tsoro, kamar yadda mu ma muke gudu don tsoro. Su suka ɗaga motar daga kan ƙafar Direba. Mutum biyu suka rasu a wurin: wani dattijo mai sayar da igiya, da wata tsohuwa 'yar Karare da ke kai ƙuliƙuli kasuwa, wadda takan ba ni guda biyu duk ranar da muka haɗu, ta ce in kai wa yara.

Kawu ya zo asibiti washegari. Ya tsaya a bakin gadona, ya yi mini sannu, ya tambayi ma'aikacin ko ƙashin zai haɗe. Bai zauna ba. Daga nan ya wuce ɗakin da Direba yake. Bayan kwana biyu na ji ya hau babur ya tafi Karare ta'aziyya, a lokacin da ko 'yan garin ba sa son bin hanyar. Ya zauna a cikin masu zaman makoki, ya gaya wa babban ɗan tsohuwar cewa shi ne ya yi aikin motar. Mutumin ya ce masa kwana ne ya ƙare, Allah ya riga ya rubuta. Kawu ya dawo, ya sauko da sauran kafireton nan daga kanta, ya zuba su a buhu ya tura ƙarƙashin benci.

Daga ranar duk wanda ya zo neman gudu sai ya ce babu. Wasu suka yi masa magiya, wasu suka yi fushi. Wani direba ya faɗa masa a gabana cewa in aka ɗauke shi a hanya, alhakinsa yana wuyan Kawu. Kawu ya ce, “Na ji,” ya ci gaba da abin da yake yi. Bayan wata biyu kuwa aka tare wannan mutumin, ya yi makonni a daji kafin ya fito. Ba wanda ya san ko gudu zai cece shi. Amma an yi maganar a tasha, kuma ta kai kunnen Kawu.

Masu neman ƙarfin ɗaukar kaya, waɗanda su ne asalin mutanensa, sun riga sun ƙare. Gonakin nesa sun zama daji, babu buhunan da za a ɗauko. Sai man fetur ya yi tashin da ya kwantar da sauran motocin. Wanda zai je ƙauye sai ya hau babur, don shi yana iya barin hanya ya ratsa gona. Shagunan layin suka fara sauyawa. Na farko ya koma sayar da kayan babur. Na biyu ya zama wurin cajin waya. Biyu aka rufe su, daga baya masu su suka bar wa mutanen da suka gudo daga ƙauyuka suka tara tabarmi da tukwane a ciki. Kawu ya fi shekara yana buɗe nasa kullum da safe, ya share ƙofa, ya zauna. Sifirin ɗin da ke jingine da bango suka yi tsatsa tun daga ƙasa.

Ranar da ya kira masu gwangwan su kwashe ƙarafan, na zo taya shi. Muna cikin fitar da kaya sai ga Direba yana dogara sanda, ƙafar ta haɗe a karkace. Ba su haɗu ba tun da aka sallame shi. Ya zauna a bencin, suka gaisa doguwar gaisuwa, kamar dai jiya suka rabu.

Direba ya ce, “An ce mini kana ɗora wa kanka. Ƙafata ce ta taka, ba taka ba.”

Kawu ya ce, “Na san birkin nan ba zai riƙe ba. Na sani tun ina ɗaura shi.”

Na ajiye lagireton da ke hannuna na ce, “Kawu, ni ne na matsa muku. Da ban yi magana ba...”

Ya katse ni. “Kai tsoro kake ji, shi ma tsoro yake ji. Ni ne na san ƙarfe a cikinmu.” Ya nuna mini buhun da ke ƙarƙashin bencin. “Ɗauko wancan. Ka ce su fasa su da guduma a gabanka kafin su ɗora a sikeli, kada su kai wa wani.”

Na tsaya a rana ina kallo har aka fasa na ƙarshe.

Yanzu Kawu yana gyaran injin niƙa da injin ban ruwa a ƙofar gida, in an kawo. Idonsa ya fara rauni, kuma ba ya zuwa tasha ko don gaisuwa. Ni har yanzu ina makarantar nan, duk da ɗaliban sun ragu sosai. Babur nake hawa. Idan muka doso kwarin, ɗan acaɓan yakan murɗa hannu, ni kuma nakan dafa kafaɗarsa in ce ya rage. Wasu sukan rage. Wani ya taɓa juyowa ya ce, “Malam, in an tare mu fa?” Na ɗauke hannuna daga kafaɗarsa.