Asibi da Ƙamshin Mazarƙwaila

Kakata Asibi gajera ce, ga faɗa kamar me, amma a Kudan in ciwo ya kwantar da mutum ya ƙi tashi, ita ake kira. Ba ta san magani ko ɗaya ba. Abin da ta sani, a kan surukinta ta koya.

Surukin nata, Malam Inuwa, shi ne gwanin dafa mazarƙwaila a fadamarmu tun zuwan injin matse rake da doki ke ja. Shekarar da aka kwashi samari zuwa yaƙin Bama na zamanin Turawa, ɓarin jikinsa ya shanye. 'Ya'yansa suka kai shi ɗakin ƙurya, suka saki asabari, kada idon jama'a ya ga yadda ya koma. A ganinsu sutura ke nan. Ga tuwo, ga fura, har da nama ranar kasuwar Makarfi, amma kwano sai ya dawo yadda aka kai shi. Tsoho ya yi ta ramewa.

Asibi ko sunansa ba ta faɗa don kunya, balle ta shiga ɗakinsa. Sai dai kunnenta bai yi kunya ba. Duk sanda iska ta kwaso ƙamshin kasko daga fadama, takan jiyo shi yana tsaki: "Sun ƙona."

Ta tare mijinta Sambo. "Malam, ku kai Baba fadama."

"A kan gado, kamar gawa? Me mutane za su ce?"

"In kuka bar shi a ɗakin nan, ai haka za ku ɗauke shi, kuma ba wanda zai ce komai."

Suka kai shi gindin tsamiya kusa da murhu. Ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya daka wa mai tsaron kasko tsawa: "Sauke! Sauke, ragon banza!" Ranar ya shanye fura tas. Kakar rake shida ya ƙara a duniya, yana faɗa yana ci.

Daga nan, duk gidan da aka kira ta, kafin ta tambayi ciwo sai ta tambayi sana'ar mai ciwon. Allah sarki, mutanen da!

Da tata kwanciyar ta zo, muka saya mata katifa, muka saki labule. Kwana uku ba ta taɓa kwano ba, sannan ta ce, "Ni ba mai fitar da ni tsakar gida?"

Mun fitar da ita. Amma har yau ina jin kunyar sai da ta roƙa.